Pasta Flora: Tambayoyi da Amsoshi Kan Gasa Kek ɗin Jam na Girkawa a Gida

Mene ne pasta flora, kuma yaya kamanninta suke?

Pasta flora abin maƙulashe ne da Girkawa ke gasawa a gida, kuma ana samunta a gidajen burodi da shagunan kayan zaƙi a duk faɗin ƙasar Girka. Ana shimfiɗa kwaɓin fulawa da bota da sukari da ƙwai a cikin tire, a zuba jam a kai, wato 'ya'yan itacen da aka dafa da sukari har suka yi kauri, sannan a jera siraran igiyoyin kwaɓin a sama suna gitta juna, ta yadda launin jam ɗin zai riƙa leƙowa ta tsakaninsu. Idan ta gasu yadda ya kamata ba ta da laushin kek, ba ta kuma da taurin biskit: tana tsaye idan an ɗauka da hannu, amma da an gatsa sai ta marmashe a baki. Yawanci da yamma ake cinta, tare da kofin gahawa da ruwan sanyi, ita ce kuma irin abin da uwargida ke fito wa baƙo da shi idan ya yi sallama ba zato.

Asalinta na Girkawa ne?

Sunan daga Italiya ya fito, inda ake kiran irin wannan kwaɓi mai marmashewa pasta frolla, su kuma Italiyawa suna yin tasu mai jam da shi, suna kiranta krostata. Cuɗanyar girkin ƙasashen biyu tsohuwa ce, domin birnin Benis na Italiya ya mulki tsibirin Korfu na Girka daga 1386 zuwa 1797, ya kuma riƙe tsibirin Kirit, shi ma na Girka, har zuwa 1669. Italiyawan da suka yi ƙaura zuwa Kudancin Amurka sun tafi da ita, shi ya sa a yau ake cin pastafrola a Ajantina da Yurugwai da Faragwai, inda sukan sa jam ɗin safarjal, wani ɗan itace mai kama da tuffa, ko na dankalin Hausa ko na gwaiba. A Masar ma an san ta da suna kusan iri ɗaya. Abin da aka san ta Girkawa da shi shi ne kaurin gindinta, da ƙamshin bawon lemo, da ɗan bekin foda da ke sa ta yi sauƙi, da kuma son da suke yi wa jam ɗin afirkot, ɗan itacen nan da Larabawa ke kira mishmish.

Waɗanne kaya ake bukata, kuma da wane awo?

Ga tire mai faɗin santimita 30, ana bukatar fulawa giram 500, bota giram 250, sukari giram 150, ƙwai 2, bekin foda ƙaramin cokali 2, ɗan gishiri, gogaggen bawon lemon zaƙi guda ɗaya, ruwan lemon babban cokali 3, banila, da jam kimanin giram 600. Idan tiren ƙarami ne, kamar mai santimita 22, rabin wannan awo ya wadatar. Ya fi kyau a auna da sikeli, domin kofin fulawa ɗaya yana iya bambanta sosai da wani gwargwadon yadda aka danna shi, kuma yawancin pasta florar da ke fitowa a bushe fulawa ce ta yi mata yawa. Wajen goga bawon lemo a tsaya ga fatar waje mai launi kawai, saboda farin da ke ƙarƙashinta yana da ɗaci.

Akwai abubuwa biyu da kan rikita wanda ya karanta awon Girkawa. Idan suka ce farina, suna nufin fulawar da aka riga aka gauraya da sinadarin tashi tun daga kamfani, don haka wanda ya sami irinta ba ya bukatar ƙara bekin foda. Idan kuma suka ce banila biyu, suna nufin 'yan ƙananan robobi biyu na garin banila da ake sayarwa a can, kuma ƙaramin cokali ɗaya na banilar ruwa yana maye gurbinsu.

An ce ana zuba mata barasa. Shin dole ne?

Ba dole ba ne. Gaskiya ne awon gargajiya da yawa suna ɗauke da cokali biyu ko uku na barandi, galibi Metaxa, wadda aka fara yi a birnin Fireyas na Girka a 1888, amma aikinta ƙamshi ne da ɗan jiƙa kwaɓin. Ruwan lemon zaƙi daidai wannan awo yana yin aikin, Girkawa da kansu ma suna yin haka, shi ya sa aka sa shi a awon da ke sama. Wanda ke kauce wa barasa gaba ɗaya ya duba kwalbar banilarsa ma, domin wasu nau'o'in banilar ruwa da barasa ake jiƙa su, garin banila kuwa ba shi da wannan matsala.

Yaya ake yin kwaɓin?

Hanyar da ta fi yaɗuwa a gidajen Girkawa ita ce a fara da buga bota da sukari. A fito da botar daga firji ta ɗan saki, har yatsa ya iya lotsa ta amma ba ta fara naso ba, sannan a buga ta da sukarin na minti uku zuwa biyar, da inji ko da muciya, har launinta ya yi haske. A fasa ƙwai ɗaya a buga ya shige, sannan a ƙara na biyu, a bi da ruwan lemo da bawonsa da banila. A wani kwano daban a tankaɗe fulawa da bekin foda da gishiri. Daga nan sai a ajiye inji, a riƙa zuba fulawar kaɗan-kaɗan ana juyawa da cokali, daga ƙarshe a sa hannu a tattara. Da zarar babu sauran busasshen gari, kwaɓin kuma ya daina manne wa yatsu, aiki ya ƙare, ko da fuskarsa ba ta yi sumul ba.

Hanya ta biyu, wadda ta fi dacewa da wuri mai zafi, ita ce a yayyanka bota mai sanyi ƙanana a cikin fulawar, a murtsuke da kan yatsu har ta yi wara-wara kamar dambu, sannan a zuba sukari da ƙwai da ruwan lemo a haɗe. Wannan tana ba da gindi mai garas-garas, ta farko kuwa ta fi kusa da kek. Kowace aka bi, a raba kwaɓin gida uku, a dunƙule kashi biyu wuri ɗaya domin gindi, kashi ɗaya domin saƙar sama, a lailaye su su yi faɗi, a naɗe a leda a sa a firji na minti 30 zuwa awa ɗaya.

Me ya sa ake hana murza kwaɓin sosai?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, domin hannun da ya saba da burodi ko cincin ko fanke yana ganin kwaɓi sai ya so ya murza, a nan kuwa murzar ita ce ke ɓata aikin. A cikin fulawar alkama akwai sinadaran da idan suka haɗu da ruwa, aka kuma yi ta juya su, sai su sarƙe su zama danƙo, wanda masana ke kira gulutin. Wannan danƙo shi ne ke sa burodi ya tashi ya riƙa jawuwa, shi ne kuma abin da ba a so ko kaɗan a pasta flora. Aikin bota shi ne ta lulluɓe garin tun kafin ruwan ƙwai da na lemo su kai gare shi, ta yadda danƙon ba zai sami damar ƙulluwa ba. Duk minti ɗaya da aka ƙara ana murza yana warware wannan kariya, zafin hannu kuma yana narkar da botar.

Ana gane kwaɓin da ya sha murza tun kafin a gasa: idan aka shimfiɗa shi sai ya riƙa komawa baya, gefensa yana zamewa daga jikin tire. Bayan gashi kuma sai ya tsuke ya yi tauri, har sai an danna wuƙa da ƙarfi. Hutun da ake ba shi a firji yana rage wannan, domin danƙon yana saki, botar tana sake daskarewa, amma ba ya gyara kwaɓin da aka riga aka wahalar. Idan kwaɓin ya ƙi haɗuwa yana warwatsewa, maganinsa ƙaramin cokali ɗaya na ruwan lemo mai sanyi, ba ƙarin murza ba.

Za a iya amfani da majarin ko man shanu a madadin bota?

Majarin mai tauri, irin wadda ake yin kek da ita, tana yin aiki da awo ɗaya, kodayake ɗanɗanon ba zai kai na bota ba. Mai laushin nan ta shafa wa burodi ba ta dace ba, saboda ruwan cikinta ya yi yawa. Man shanu kuwa sai an yi lissafi. Botar kanti kusan kashi 82 cikin 100 nata mai ne, sauran ruwa ne da ɗan madara, soyayyen man shanu kuma kusan mai ne zalla, don haka giram 200 nasa ya isa a madadin giram 250 na bota, a ƙara madara babban cokali 3, a kuma daskarar da shi a firji tukuna. Ɗanyen man shanu yana bukatar a wanke shi da ruwan sanyi sau biyu ko uku domin tsamin nono ya fita. Ƙamshinsa yana da ƙarfi, zai kuma danne na lemon. Wasu na son hakan, sai dai abin da zai fito ya ɗan yi nisa da na Girkawa.

Idan ana tsananin zafi, kwaɓin yana narkewa a hannu, yaya za a yi?

A yi kwaɓin da sassafe, a sanyaya kwano da fulawar kanta a firji kafin a fara, kuma kada a yi ƙoƙarin murza shi da abin murji a kan tebur. A gutsura shi a jera a cikin tiren, a daddanna da yatsu ko da gindin kofi har ya baje. Girkawa da dama haka suke yi ko ba zafi.

Wane jam ne ya fi dacewa?

Na afirkot ne kan gaba, kuma ba banza ba: Girka tana noman afirkot sosai, musamman a yankunan Argolida da Korinti, inda ake samun nau'in da suke kira Bebeku, idan kuma ya nuna a farkon bazararsu iyalai kan dafa jam ɗin da zai kai su shekara. Bayansa akwai na safarjal, wanda suke kira kidoni, da na sitiroberi, da na ɓaure, da na wani ceri mai tsami da suke kira bisino. Sharuɗɗan biyu ne, ya kasance da kauri, ya kuma kasance da ɗan tsami. Kaurin yana hana shi malala ya jiƙa gindi, tsamin kuma yana karya zaƙin, domin kwaɓi mai sukari da jam mai zaƙi zalla suna gundurar mai ci tun a yanka na farko. A ganina, jam ɗin kanti da yawa sun yi zaƙi fiye da kima ga wannan aiki, kuma babban cokali ɗaya na ruwan lemon tsami da aka juya a ciki yana gyara su. Idan aka kifa cokali jam ɗin ya zuba nan take, a ɗora shi a wuta kaɗan na minti biyar zuwa goma ya tsotse, a bari ya huce sarai kafin a zuba a kan kwaɓi.

Idan ba a sami waɗannan ba, za a iya dafa jam a gida?

Za a iya, kuma gwaiba ce ta fi cancanta, tunda ita ce ake sawa a Faragwai, tana kuma da yalwar fektin, sinadarin da ke sa jam ya kama jikinsa. A yanka gwaiba, a tafasa da ɗan ruwa har ta yi laushi, a tace ta a rariya domin 'ya'yan su fita, sannan ga kowane kilo ɗaya na tataccen a zuba sukari giram 700 da ruwan lemon tsami babban cokali 2. A dafa ana juyawa da muciya domin kada ya kama. Mangwaro da abarba suna da ƙarancin fektin, saboda haka suna bukatar ƙarin lemon tsami da tsawon dahuwa, gara kuma a haɗa da mangwaron da bai gama nuna ba. Jam yana kamawa ne idan zafinsa ya kai wajen digiri 105, amma wanda ba shi da ma'auni ya sa faranti a firji, ya ɗiga jam kaɗan a kai, ya jira minti ɗaya, ya tura da yatsa. Idan fuskarsa ta tattare, hanyar yatsan kuma ba ta rufe ba, a sauke.

Yaya ake shimfiɗa gindin da yin saƙar sama?

A shafa wa tire bota, a barbaɗa fulawa kaɗan ko a shimfiɗa takardar gashi. A baje babban kashin ya kai kaurin rabin santimita ko sama da haka kaɗan, a ɗaga gefensa kamar santimita 2 domin ya tare jam, a soka gindin da cokali mai yatsu a wurare da dama. A zuba jam a baje da bayan cokali, a bar ɗan tazara tsakaninsa da bakin gefen, kuma kada kaurinsa ya kai santimita ɗaya.

Saƙar ana yin ta hanya biyu. Ta gidajen burodi ita ce a shimfiɗa ƙaramin kashin da abin murji tsakanin takardu biyu, a sanyaya, a yanka shi tsaye-tsaye da wuƙa, kowane faɗin santimita ɗaya da rabi. Ta iyaye mata kuwa, wadda ta fi sauƙi, ita ce a gutsuri kwaɓi a mulmula shi da tafin hannu ya zama igiya mai kaurin ƙaramin yatsa. A jera guda biyar ko shida a miƙe, a jera wasu a kansu a karkace, ramukan su fito da siffar lu'ulu'u. Ba a bukatar a saƙa ɗaya ƙarƙashin ɗaya, domin kwaɓin ba shi da danƙon da zai jure ɗagawa, idan kuma igiya ta tsinke a haɗa bakinta kawai, gashi zai ɓoye wurin. A manne bakin kowace igiya da gefen, sannan a shafa ruwan ƙwai a kan saƙar domin ta yi sheƙi. Wasu kan watsa yankakken almon a gefe.

Wane zafi ake gasawa, kuma minti nawa?

A kunna obin tun minti 15 kafin a sa tiren, a digiri 175 zuwa 180, ko 160 idan mai fanka ne. A ajiye tiren a matakin ƙasa da tsakiya domin gindi ya sami wuta, a gasa minti 35 zuwa 45. Alamar gasuwa ita ce saƙar ta yi ja-ja, gefe ya ɗan rabu da jikin tire, jam kuma yana ɓararraka a hankali ta bakin ramuka. Idan sama ta yi ja tun lokaci bai yi ba, a rufe da takardar alminiyom sako-sako. Ba a saba gasa gindin shi kaɗai da farko ba, tunda jam ba ruwa ba ne.

Wanda ba shi da obin fa?

Gashin tukunya yana yi. A zuba yashi mai tsabta ko tsakuwa a gindin babbar tukunya, a rufe ta yi zafi na minti 15, a ɗora wani ƙarfe ko murfin gwangwani a kan yashin domin tiren kada ya zauna kai tsaye, sannan a rufe a rage wuta. Matsalar wannan hanya ita ce zafin daga ƙasa yake zuwa, gindi yana iya ƙonewa alhali saƙar tana nan fara, don haka a minti 15 na ƙarshe a ɗora garwashi a kan murfin. Ƙaramin tire ya fi gasuwa daidai, kuma a sa ran minti 45 zuwa awa ɗaya.

Me ke sa gindi ya yi danƙo, ko jam ya malalo ya ƙone?

Gindi mai danƙo yana zuwa ne daga jam mai ruwa, ko jam da aka zuba da zafinsa, ko obin da bai gama ɗaukar zafi ba. Malala kuma daga cika jam har baki ne. Idan saƙar ta baje ta rasa siffarta, botar ta riga ta narke kafin a shiga wuta, kuma minti 15 a firji bayan an gama jerawa yana hana hakan.

Akwai wadda ba ƙwai ba bota?

Akwai, kuma tana da gurbi babba a Girka saboda azumin Cocin Otodoks, wanda a cikinsa ake barin nama da ƙwai da madara da duk abin da aka yi da ita. Mafi tsawo shi ne wanda ke gabatar Ista, da suke kira Sarakosti, akwai kuma na mako biyun farko na watan Agusta, da na kwana 40 kafin Kirsimeti. A waɗannan lokuta ana yin pasta flora da man zaitun da ruwan lemo: ga fulawa giram 500, mai mililita 180, ruwan lemo mililita 120, sukari giram 120, da bekin foda kamar yadda aka saba. Wannan kwaɓi ba ya shimfiɗuwa da abin murji ko kaɗan, da yatsu ake danna shi, saƙarsa kuma igiya ake mulmulawa, a shafa ruwan lemo a sama maimakon ƙwai. Man zaitun mai sauƙin ƙamshi ya fi, man sunfulawa ko tataccen man gyaɗa ma suna yi.

Yaushe ake yankawa, kuma kwana nawa take yi?

Sai ta huce sarai, aƙalla awa biyu, domin jam mai zafi yana ƙuna ƙwarai, gindin kuma bai gama tsayawa ba, idan aka yanka da wuri zai ruguje. Ana yanka ta murabba'i ko tsinin alwatika, da wuƙa mai kaifi da ake gogewa bayan kowane yanka. Washegari ta fi daɗi, saboda damshin jam ya ɗan ratsa gindin, ƙamshin lemo kuma ya zauna. A rufe ta a mazubi mai murfi, tana kwana uku zuwa huɗu a wuri mai sanyi, a lokacin zafi kuwa firji ya fi, a fito da ita rabin awa kafin a ci. Ɗanyen kwaɓin yana kwana biyu a firji ko wata biyu a firiza idan an naɗe shi da kyau, sai dai a sauko da shi firji tun dare, a bar shi ya ɗan saki kafin a shimfiɗa.